Ya shaƙe ni ina da cikin wata shida, kaina kuma ya ƙi daina ciwo

Tambaya:

Assalamu alaikum. Shekarata 27, aurenmu shekara biyar, ina da yaro ɗan shekara uku, yanzu kuma ina ɗauke da cikin wata shida. Maigidana mutum ne mai saurin hannu. Da mari ne kawai, sau ɗaya ko biyu a shekara, ya dawo ya ba ni haƙuri. Tun da na samu wannan cikin abin ya ƙaru. Daren shekaranjiya ya haɗa ni da bango ya shaƙe ni har na ga duhu, da ya sake ni na faɗi a kan cikina. Muryata ta dishe, ko yawu na haɗiya sai na ji zafi. Dama na daɗe ina fama da ciwon kai da faɗuwar gaba da rashin barci, kusan kullum sai na sha maganin ciwon kai. Wancan karon da ya mare ni kunnena ya toshe, a wajen awo na ce musu zamewa na yi. Manya sun ce zo mu zauna zo mu saɓa ne, in yi haƙuri. Shin ciwon kan nan yana da alaƙa da abin da ke faruwa? Abin da ke cikina zai samu matsala? Ba na son aurena ya mutu.

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu, Allah ya ba ki lafiya, ya raba ku lafiya da abin da ke cikinki. Kin tambayi ciwon kai, za mu zo kansa. Amma a cikin wasiƙarki akwai abin da ba zai jira gobe ba: yau ɗin nan ki je asibiti, sashen gaggawa ko ɗakin haihuwa, a duba wuyanki a kuma duba cikin. Kada ki bari sai ranar awonki ta zagayo.

Ga dalili. A kowane gefe na wuya akwai manyan jijiyoyi da ke kai jini ƙwaƙwalwa da masu dawo da shi, a tsakiya kuma ga maƙogwaro. Idan hannu ya danne waɗannan jijiyoyi sosai, cikin kimanin daƙiƙa 10 mutum zai iya suma, idan aka ci gaba da riƙewa 'yan mintoci sun isa a rasa rai. Duhun da kika gani alama ce cewa jini ya ragu a ƙwaƙwalwarki a wannan lokacin. Dishewar murya da zafin haɗiya kuma suna nuna maƙogwaro da naman da ke kewaye da shi sun bugu. Abin da ke yaudarar mutane shi ne, kusan rabin matan da aka shaƙe ba a ganin ko shatin yatsa a wuyansu, sai a ɗauka ba abin da ya faru. Alhali kumburi na iya tasowa daga ciki bayan kwana ɗaya ko biyu ya matse hanyar numfashi. Mafi haɗari, fatar cikin jijiyar jini tana iya tsagewa, jini ya daskare a wurin, bayan kwanaki ko makonni gudan jinin ya ɓalle ya haura ƙwaƙwalwa, mace mai ƙuruciya ta wayi gari da shanyewar ɓarin jiki ba a san daga ina ba.

Saboda haka ki faɗa wa likita da bakinki: an shaƙe ni da hannu, ranar kaza, na ga duhu. Ki faɗa masa idan kin suma, idan fitsari ya zubo miki a lokacin, idan akwai wani ɓangare na abin da ya faru da kika kasa tunawa. Waɗannan ne ke sa likita ya yanke ko za a yi hoton jijiyoyin wuya, kuma zai yi la'akari da cikin wajen zaɓar irin hoton. Bayan an sallame ki, ko da an ce ba a ga komai ba, ki koma da gaggawa idan numfashi ya fara yi miki wuya ko yana fita da ƙara, ko wuya ya kumbura, ko kina tarin jini, ko ganinki ya rikice, ko fatar ido ɗaya ta sauko, ko baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ɗaya ta yi nauyi, ko magana ta sarƙe. Jajayen ɗigo-ɗigo a farin ido ko bayan kunne su ma daga shaƙar suke, ki nuna musu.

Sai cikin. Jariri yana kwance cikin ruwa, ruwan yana kare shi daga ƙananan bugu. Abin da aka fi tsoro idan mai ciki ta faɗi ko aka buge ta shi ne mabiyiya. Mahaifa nama ce mai talewa da dawowa, mabiyiya kuwa ba ta talewa kamar haka, shi ya sa bugu mai ƙarfi ke iya ɓamɓare wani sashenta daga jikin mahaifa. Ta mabiyiya jariri ke samun iska da abin da ke rayar da shi, duk inda ta ɓamɓare rabonsa ya ragu, ke kuma jini na zuba. Kada rashin ganin jini ya kwantar miki da hankali, domin jinin yana iya taruwa a bayan mabiyiya bai fito waje ba. Alamominsa su ne ciwon ciki ko na baya da ba ya lafawa, cikin ya yi tauri kamar katako, mara tana ɗaurewa akai-akai kamar naƙuda, jiri, da raguwar motsin jariri. Zubar ruwa ma, ko kaɗan ne, ba abin jira ba ne. A asibiti za su saurari bugun zuciyar jaririn, su bibiyi ɗaurewar mahaifa na aƙalla awa 4 zuwa 6, idan sun ga abin shakka su riƙe ki kwana ɗaya. Hoton ciki yana taimakawa, sai dai ba kowace ɓamɓarewa yake nunawa ba, don haka kada ki ce an yi hoto an ga lafiya ki ƙi zaman da suka ce ki yi.

Akwai kuma wani abu da ake yawan mantawa. Ki duba katin awonki ki ga rukunin jininki. Idan negatif ne, wato akwai alamar ɗebewa a jikin harafin, kamar O- ko A-, bugun ciki na iya sa jinin jariri ya gauraya da naki, jikinki ya ƙera abin da zai yaƙi jinin wannan jaririn ko na gaba. Allurar anti-D ke hana haka, kuma ana son a yi ta cikin awa 72 da bugun. Ki ƙirga daga daren shekaranjiya ki ga yadda lokacin ya matso. Ko ya wuce, ki faɗa musu, likita ne zai yanke abin da za a yi.

Game da motsi, ke kin fi kowa sanin yadda ɗanki ya saba motsawa. Idan ya ragu daga yadda kika sani, ki je a saurara, kada ki kwana da shi. Daga mako na 28 ana amfani da wannan ma'auni: ki kwanta a gefen hagu ki natsu, idan awa biyu ta cika ba ki ji motsi 10 ba, asibiti kai tsaye.

Mun san abin da ya sa kika ce zamewa kika yi wancan karon. Kunya ce da tsoro da son rufin asirin gida, kuma ba ke kaɗai ke faɗin haka ba. Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wadda ta ce ta zame, gwiwa da ƙugu za a duba mata, ba wanda zai taɓa wuyanta. Idan shi ko wani nasa ya raka ki, ki ce wa nas kina son magana da ita ke kaɗai, ko ki raɗa mata lokacin da za ki ba da fitsarin gwaji. Ki roƙi a rubuta abin da kika faɗa da abin da aka gani a fayil ɗinki na asibiti, da kwanan wata, kada a rubuta a katin da kike komawa da shi gida. Ki kuma tambaye su wa zai iya ganin bayanin. Kunnen nan ma ki sa a leƙa shi. Mari da tafin hannu yana tura iska da ƙarfi cikin kunne har dodon kunne ya fashe. Yawanci yana haɗewa da kansa cikin makonni zuwa wata biyu ko uku, da sharaɗin ruwa bai shiga ba kuma ba a ɗiga masa komai ba sai abin da likita ya rubuta.

Yanzu ciwon kan. E, yana da alaƙa, kuma ta hanya fiye da ɗaya.

Abu na farko da za a kawar shi ne hawan jinin masu ciki, wanda ke bayyana bayan mako na 20. Idan awon jini ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, a gwada fitsari. Ciwon kai mai tsanani da ganin walƙiya-walƙiya, da kumburin fuska da hannu, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, su ne ke gabatar jijjiga, kuma ba a wasa da su. Na biyu, bugun kai da ake maimaitawa, mari ko haɗa kai da bango, da ita kanta shaƙar, suna barin ciwon kai da jiri da mantuwa da kasa tattara hankali, wani lokaci na watanni.

Na uku shi ne wanda muke ganin ya fi daɗewa tare da ke. An halicci jikin mutum ta yadda idan ya hango haɗari zai saki sinadaran da ke ƙara bugun zuciya, su ɗaga jini, su ɗaure naman wuya da kafaɗa, su kore barci, don mutum ya gudu ko ya kare kansa. Idan haɗarin ya wuce jiki ya saki. Matar da ke zaune da mai dukanta haɗarinta ba ya wucewa. Tana jin ƙarar buɗe ƙofa gabanta ya faɗi, tana karanta fuskarsa tun kafin ya yi sallama, da dare tana kwance ido a rufe kunne a buɗe. Wata da watanni a haka, sai ciwon kai kamar an ɗaure shi da igiya, ciwon baya, ciwon mara, ƙwannafi, rikicewar ciki, kasala. Sau da yawa a yi gwaji a ce ba a ga komai ba, har ita ma ta fara zargin kanta da raki. Ciwon gaske ne, kuma ba zai warke da ƙwaya ba muddin abin da ke kunna shi yana nan.

Maganin da kike sha kullum ma yana iya zama cikin matsalar. Wanda ke shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, har tsawon wata uku, maganin da kansa yana fara haifar da ciwon kai, yana sakinsa ciwon ya dawo. Ki duba sunan abin da kike sha. Idan ibuprofen ne ko diclofenac, ki daina, domin daga mako na 20 suna iya taɓa ƙodar jariri su rage ruwan da yake ciki, a ƙarshen ciki kuma su taɓa wata jijiya kusa da zuciyarsa. Paracetamol shi ne wanda aka fi amincewa da shi ga mai ciki: ƙwaya biyu masu miligiram 500, tsakani awa shida, kada a wuce ƙwaya takwas a awa 24, kuma na 'yan kwanaki kawai. Tramadol da kodin da ƙwayoyin barci kada ki kusance su ba da rubutun likita ba. Suna kama jiki, suna ratsawa zuwa ga jariri, kuma macen da ke cikin haɗari a gidanta barci mai nauyi ba gata ba ne a gare ta.

Ki tambayi kanki wannan kuma: kin yi mako biyu ko fiye zuciyarki a ƙuntace, abin da kike jin daɗinsa da ya fita a ranki, kina kuka ba dalili, ko abin da ya faru yana dawo miki a mafarki da ido biyu? Wannan ciwon damuwa ne, yana da magani har ga mai ciki, kuma idan aka bar shi yakan tsananta bayan haihuwa. Idan tunanin gara ki mutu ki huta ya taɓa zuwa miki, ki faɗa wa likita a yau ɗin, cikin abubuwan farko da za ki faɗa.

Ba ke kaɗai ba ce a wannan hali. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya nuna kusan kashi 27 cikin 100 na matan da shekarunsu ke tsakanin 15 da 49, waɗanda suka taɓa aure ko zama da namiji, sun taɓa fuskantar duka ko tilastawa a shimfiɗa daga gare shi. Nazarin hukumar na 2013 ya gano cewa irin waɗannan mata sun fi sauran fuskantar haihuwar jariri mai ƙarancin nauyi da kashi 16 cikin 100, haihuwar bakwaini da kashi 41 cikin 100, ciwon damuwa kuma kusan ninki biyu. Ba ki ambaci tilastawa ba, amma tunda sau da yawa tare suke tafiya da duka, ki riƙe wannan: idan ta faru kuma akwai fargabar cutar ƙanjamau, akwai maganin kariya da ake farawa cikin awa 72 a sha kwana 28, kuma mai ciki tana iya shansa. Gwajin cututtukan sanyi a wajen awo ma kada ki tsallake shi.

Mu zo kan maganar manya. Gaskiya ne zo mu zauna zo mu saɓa, harshe da haƙori ma suna saɓawa. Saɓani shi ne a ɗaga murya, a yi fushi, a kwana ba a yi magana ba. Hannu a maƙogwaron mai ciki ba ya cikin wannan lissafi, kuma muna kyautata zaton waɗanda suka ce ki yi haƙuri labarin mari suka sani, ba su ji na shaƙa ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 ya gano cewa matar da mijinta ko saurayinta ya taɓa shaƙewa, haɗarin a kashe ta ya ninka fiye da sau bakwai idan aka kwatanta da wadda ake duka ba a taɓa shaƙe ta ba. Masu auna irin wannan haɗari suna duba wasu alamomi, uku daga ciki suna cikin wasiƙarki: shaƙa, duka a lokacin ciki, da ƙaruwar abin a yawa da tsanani. Sauran ke za ki duba: ya taɓa cewa zai kashe ki ko ya kashe kansa, akwai makami a hannunsa, yana shaye-shaye, yana da kishin da ya wuce hankali, yana bin diddigin wayarki da fitarki, ya raba ki da danginki. Kowace ɗaya da ta ƙaru, haɗarin ya ƙaru. Ban haƙurin da yake yi bayan ya huce ba ya goge ko ɗaya. Ki lura da tazarar da ke tsakanin duka da duka, ki ga tana tsawo ne ko tana gajarta. Kin riga kin ba mu amsar.

Kin ce ba kya son aurenki ya mutu, mun ji, kuma ba mu za mu yanke miki wannan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da za mu faɗa miki ƙarara shi ne, a ganinmu bai kamata ki kwana ɗaki ɗaya da shi a kwanakin nan ba. Zuwa asibiti dalili ne da ba ya jawo zargi. Daga can ki wuce wurin wanda kika amince da shi, ke da yaronki, da hujjar jinya da hutun da mai ciki ke buƙata. Nisantar ɗan lokaci ba mutuwar aure ba ce. A kan haka akwai gargaɗi mai muhimmanci: lokacin da mace ta furta za ta tafi, ko ta tafi ɗin, yana cikin lokutan da haɗari ya fi tsanani, saboda mai dukan yana jin iko na kuɓuce masa. Kada ki yi barazanar tafiya a tsakiyar faɗa, kada ki sanar da shi ke kaɗai a ɗaki, kada ki koma kwasar kaya ba rakiya.

Idan hali ya sa dole ki koma gidan, ki shirya tun yana cikin sanyinsa. Ki zaɓi mutum biyu, ɗaya a danginki ɗaya maƙwabciya, ki faɗa musu komai har da shaƙar. Ku tsayar da wata kalma wadda idan kika faɗa a waya ko kika aiko yaro da ita, sun san su zo ko su kira 'yan sanda. Ki ajiye ƙaramar jaka a wajen ɗayansu: katin awo, katin shaidarki, takardar haihuwar yaro da katin rigakafinsa, magungunanki, kuɗin mota, kaya kala biyu, da kayan haihuwa tunda wata uku ya rage. Wayarki ta kasance da caji, lambobi biyu kuma ki haddace su, don waya ce abin da ake fara ƙwacewa. Idan kika ga rigima na tasowa, ki matsa kusa da ƙofar fita, ki guji kicin saboda wuƙa da wuta, ki guji banɗaki da duk ɗakin da ƙofarsa ɗaya ce. Ki daina barin gyale ko sarƙa a wuya a irin wannan lokaci. Idan ya rutsa ki ba hanyar fita, ki duƙunƙune a gefenki, ki kare ciki da gwiwoyi, kai da wuya da hannuwa, ki ɗaga murya a ji. Yaron ki koya masa ya fita zuwa gidan maƙwabta, kada ya shiga tsakani. Ɗan shekara uku yana ji yana gani, shi ya sa irinsu ke komawa fitsarin kwance da firgita cikin barci.

Duk rauni ki ɗauki hotonsa ranar da ya faru da bayan kwana biyu, lokacin da taruwar jini ke fitowa sosai, ki tura wa amintacciyarki ki goge daga wayarki, har da wannan saƙon da kika aiko mana. Ko ba ki da niyyar kai ƙara yau, shaida tana ba ki zaɓi gobe. A ƙasashe da yawa doka ta ɗauki dukan mata laifi, kotu kuma tana iya ba da umarnin hana mai dukan kusantar matar. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta asibitin za ta faɗa miki abin da ke aiki a inda kike, da ƙungiyoyin da ke ba mata mafaka da lauya.

Za a kira zaman sulhu, wannan kusan tabbas ne. Kada ki yarda a zaunar da ku tare tun farko a ce kowa ya faɗi laifin ɗan'uwansa. Macen da ke tsoro ba ta iya faɗin gaskiya a gaban wanda take tsoro, idan kuma ta faɗa, ita za ta biya bayan an watse. Ki fara zama da naki su kaɗai, takardar asibiti a hannunki. Idan ana maganar komawa, abin dubawa shi ne ya amsa abin da ya yi da sunansa ba tare da ya ce ke kika jawo ba, ya yarda wasu su sani, ya nemi taimakon ƙwararru a kan halinsa da shaye-shaye idan akwai, kuma a ga canjin na watanni kina nesa, ba na mako guda ba. Kuka da rantsuwa kin riga kin gan su sau da yawa.

Tun yanzu ki tsara da ungozoma inda za ki haihu da inda za ki zauna bayan haihuwa, domin makonnin jego lokaci ne da jiki ba ƙarfi, ga kukan jariri da ke harzuƙa mai saurin hannu, jijjiga jariri da ƙarfi sau ɗaya kuma ya isa ya zubar masa da jini a ƙwaƙwalwa. Ki kuma yi mata maganar tazarar haihuwa ke kaɗai: akwai allurar da ake yi duk wata uku, akwai ashanar fata, wadda ake sakawa a ƙarƙashin fatar dantse, da ke aiki shekara uku zuwa biyar gwargwadon irinta, duka biyun mai shayarwa tana iya amfani da su. Amma wannan na gaba ne. Na yau shi ne ki ɗauki katin awonki, ki kira wadda za ta raka ki, ki faɗa wa nas ɗin farko da kika gani cewa an shaƙe ki shekaranjiya kuma kin faɗi a kan cikinki.